Cibiyoyin Binciken Injiniya a Jami'o'inmu: Aikin da Aka Ba Su da Inda Gizo Ke Saƙar

A Zariya akwai tukunyar nukiliya, kuma tun shekarar 2004 take aiki. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello sun gama sun tafi ba su san da zamanta ba. Waɗanda suka sani kuwa, tambayar da suke fara yi ita ce: in da gaske ne, me ya sa Samaru, inda jami'ar take, take kwana a duhu? Tambayar tana kan hanya, sai dai ta nuna cewa abin da jama'a suke zaton cibiyar bincike tana yi ya sha bamban da abin da aka kafa ta ta yi. Sai an rarrabe waɗannan biyun za a iya yi wa cibiyoyin nan adalci, a yaba musu inda suka yi abin a zo a gani, a kuma gaya musu gaskiya inda aikinsu ya tsaya a rabin hanya.

Ruɗanin yana farawa ne daga rashin bambance sashe da cibiya. Sashe a jami'a a kan fanni ake gina shi: ga na injiniyan lantarki, ga na gine-gine da hanyoyi, ga na injuna, ga na sinadarai. Babban aikinsa koyarwa da yaye ɗalibai, bincike kuma kowane malami da inda ya sa gaba. Ita cibiya a kan matsala ake gina ta, matsala kuwa ba ruwanta da iyakar sashe. Ɗauki rijiyar burtsatse mai aiki da sola a wani ƙauye. Kafin ta shekara goma tana ba da ruwa, sai an sami wanda ya san zurfin ruwan wurin da yadda yake ja da baya da rani, da wanda ya san famfo, da wanda ya san farantin sola da na'urar da ke daidaita wutarsa, da wanda ya san irin bututun da ruwan ba zai cinye ba. Mutum huɗu ke nan daga sassa huɗu, in ba a tara su wuri ɗaya da kasafi ɗaya ba, kowa takardarsa zai rubuta ya yi gaba. Sannan akwai na'urorin da tsadarsu da wahalar kula da su sun fi ƙarfin sashe guda, suna buƙatar ma'aikatan da ba su da wani aiki sai su. Cibiya ce gidan irin waɗannan na'urori.

Gwamnatin tarayya ta gane haka da wuri a fannin makamashi. A 1976 aka yi dokar hukumar makamashin nukiliya, a 1979 aka yi ta Hukumar Makamashi ta Ƙasa, sannan aka rarraba cibiyoyi a jami'o'i, kowace da abin da aka ce ta riƙe. Zariya da Ile-Ife aka ba su nukiliya. Sakkwato da Nsukka aka ba su hasken rana da sauran makamashin da ba ya ƙarewa. Daga baya aka ƙara huɗu: ta binciken man fetur a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ta wutar madatsun ruwa a Ilorin, ta tattalin wuta a Legas, da ta makamashi da muhalli a Benin. Duk wanda ya dubi taswira zai ga ba da ka aka yi rabon ba. Rana a Sakkwato ba sai an faɗa ba. Ilorin tana dab da Jebba. Bauchi tana gefen yankin da kamfanin mai na ƙasa ya sanar da samun ɗanyen mai a Kolmani a 2019. Legas ce ta fi ko'ina masana'antu da manyan gine-gine masu shan wuta. A ganina wannan rabo yana cikin abubuwan da aka yi da hankali a ƙasar nan, kuma cikas ɗin da za mu zo kansa ba a zaɓen fanni yake ba.

Cibiyar Zariya, wadda ake kira CERT, ta cancanci a ɗan zauna a kanta. Tukunyar tata ƙarama ce ƙirar China, ƙarfinta wajen kilowat 30 na zafi. Kwatankwacin zafin dutsen guga talatin ke nan a jone lokaci ɗaya, kuma ba a haɗa ta da injin da zai mai da zafin wutar lantarki ba, domin ba don wuta aka kawo ta ba. Abin da ake so a wurinta wasu ƙananan ƙwayoyi ne da take fitarwa, ana ce musu niyutiron, waɗanda da su ake gane abin da ke cikin dutse ko ƙasar noma ko hatsi ko ganyen magani.

Ga yadda ake yi. Mai bincike ya zo da dutse daga wurin haƙar ma'adinai. A daka shi ya zama gari, a auni ɗan abin da bai kai rabin giram ba, a naɗe a leda mai tsabta, a saka a 'yar kwalbar roba. Sai iska mai matsi ta tura kwalbar ta cikin bututu har gefen zuciyar tukunyar, ta zauna can na 'yan mintoci ko na wasu sa'o'i, gwargwadon abin da ake nema. A wannan zaman ƙwayoyin zarrar da ke cikin garin suna haɗiye niyutiron, sai su fara fitar da wani haske mai ratsa jiki da ido ba ya gani, ana ce masa gamma. Kowane sinadari da ƙarfin hasken da yake fitarwa. Na zinare ba irin na arsenik ba ne, na arsenik ba irin na yuraniyom ba ne. Idan aka dawo da kwalbar aka ajiye ta gaban na'urar awo, wadda ake sanyayawa da ruwan naitirojin, sai kwamfuta ta zana layi mai tsini-tsini, kowane tsini yana nuna wani sinadari da yawansa. Daga samfur ɗaya ana iya gano sinadarai gommai, har wanda bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba, kuma ba sai an narkar da garin da asid ba.

Wanda yake ganin irin wannan awo shagalin 'yan boko ne, ya tuna Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana kai duwatsun zinare cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara suke rarrafe. Masu niƙan ba su san dalma ce maƙil a cikin dutsen ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta ankarar da duniya, kuma wani kamfanin injiniyan muhalli daga Amurka ne ya jagoranci auna ƙasar gidajen da kankare ta. Ita dalma ba da tukunyar nukiliya aka fi gano ta ba, da na'ura ce mai hasken X, wadda har ta riƙewa a hannu akwai. Amma zancen bai canza ba: ƙasar da ake haƙar ma'adinai a ƙauyukanta, babu wurin awon da mai haƙa zai kai dutsensa a gaya masa abin da ke ciki, da ran 'ya'yanta take biya. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

A 2018 an yi wani aiki a Zariya da bai sami yayatawar da ta kamace shi ba. Man da tukunyar ta zo da shi yuraniyom ne da aka tace ya kai kashi 90 cikin 100, irin wanda duniya take tsoron ya faɗa hannun masu neman haɗa makami, duk da nauyinsa wajen kilo ɗaya ne kacal. Da haɗin kan hukumar nukiliya ta Majalisar Ɗinkin Duniya da China da Amurka aka cire shi, aka sa wanda tacewarsa take wajen kashi 13, a watan Disamba kuma aka mayar da tsohon China ta jirgin sama. Ghana ta riga mu yin haka da irin tata tukunyar a 2017. Ba a yin wannan canji sai an lissafa yadda sabon man zai yi zafi da yadda za a kashe tukunyar idan wani abu ya taso, kuma masanan cibiyar suna cikin waɗanda suka yi lissafin.

Me ya riƙe wannan cibiya a tsaye shekara da shekaru? Ni dai abin da na lura shi ne tana da mai sa ido wanda ba ya karɓar uzuri. Ba a kunna tukunyar sai da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. Masu kunna ta sai an horar da su an tantance. Masu duba na ƙasa da ƙasa suna zuwa su ga abin da ke ciki, su bi littattafai shafi-shafi. Wannan tilas ɗin shi ya sa dole a riƙe ƙwararru, dole a rubuta komai, dole a gyara abin da ya lalace. Yawancin sauran cibiyoyi babu wanda zai zo ya tuhume su idan babbar na'urarsu ta shekara a mace.

Mu koma Sakkwato. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun farkon shekarun 1980 take. Ta ƙera na'urorin shanya da zafin rana, da na dafa abinci, da na ɗumama ruwa da tace shi, da murhu mai tattalin itace, da rumbun haɗa iskar gas daga kashin shanu. Ta yi gwajin ba ƙauyen Kwalkwalawa wutar sola, da na fankar iska mai ba da wuta a Sayya Gidan Gada, tun lokacin da yawancin mutane ba su taɓa ganin farantin sola ba. Farfesa Abubakar Sani Sambo da ya shugabance ta, daga baya ya riƙe jami'ar Bauchi, sannan ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa. A ƙetaren iyaka ma an yi irin wannan yunƙuri, har ya riga namu. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya jagoranci ofishin makamashin rana na Nijar, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, inda aka riƙa ƙera tankunan ɗumama ruwa da na'urorin tace shi a Yamai. Sunansa jami'ar Yamai take amsawa yau. Fiye da rabin ƙarni ke nan ana binciken hasken rana a wannan yanki.

To, ga inda gizo ke saƙar. Yau sola ta cika gari. Kasuwannin Kano da Sakkwato da Maraɗi cike suke da faranti da batir da inbata da famfon ban ruwa, kusan dukkansu daga waje, akasari daga China. Na'urar shanyar da cibiyoyinmu suka ƙera tun tuni kuwa, da wuya ka ci karo da ita a gona.

Je ka Kadawa ko Kura lokacin da tumatir ya yi kwantai. Za ka tarar an yayyanka shi an baza a ƙasa ko a kan buhuna a bakin hanya, ƙura tana sauka, awaki suna ratsawa, kwana da kwanaki kafin ya zama kauɗa. Don wannan aka yi na'urar shanya: akwati ne mai rufin gilashi, ƙasansa kwano da aka shafa wa baƙin fenti, iska ta shiga ta ƙasa ta yi zafi, ta ratsa ragar waya hawa-hawa da aka jera tumatir a kai, ta fita ta bututun sama da danshin. Kauɗar tana fitowa tsaf, da jan launinta, kuma ta fi shanyar ƙasa saurin bushewa. A harabar jami'a komai ya yi. Amma manomin da kwando hamsin suke neman ruɓe masa a hannu, akwatin da zai ci kwando ɗaya ko biyu bai raba shi da asara ba. Gilashin yana fashewa a hanyar ƙauye. Kuɗin saye a dunƙule ake nema, amfanin na'urar kuwa wata biyu ko uku ne a shekara. Uwa uba, idan ya kai kauɗarsa kasuwa, ba lallai dillali ya ƙara masa ko sisi a kan ta maƙwabcinsa mai ƙura ba. Girman akwatin, da abin da za a sa a madadin gilashi, da yadda za a yi amfani da shi wajen tattasai da kuɓewa da albasa don ya yi aiki duk shekara, da wanda zai saya ya ba manoma haya, duk aiki ne da ya rage bayan an gama samfur, kuma ya fi na farkon yawa. Abin da yake ci mini rai shi ne a nan muka fi tsayawa: a ƙera guda ɗaya, a kai baje koli, a dawo da shi a ajiye.

Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fito da wani ma'auni mai hawa 9 na auna yadda fasaha ta nuna, kuma yanzu ƙasashe da dama suna aiki da shi. Hawa na 1 zuwa na 3 tunani ne da gwajin farko. Na 4 haɗa samfur ne a ɗakin gwaji. Daga na 5 zuwa na 7 ana fitar da shi fili, a gwada shi cikin rana da ƙura da hannun wanda bai san yadda aka haɗa shi ba. Na 8 da na 9 abu ya kammala yana hannun masu amfani. Malamin jami'a ya iya hawa huɗun farko, kuma su ake ba shi ƙarin girma a kai, tunda takardun da ya wallafa ake ƙirgawa. Ɗan kasuwa biyun ƙarshe yake so. Ukun tsakiya su suka fi cin kuɗi da lokaci, su ne kuma ba su da mai su. Don su ya kamata a ce an kafa cibiya.

Akwai misali a sashen injiniyan sinadarai na Zariya. Ƙarƙashin kujerar farfesa da asusun PTDF mai tallafa wa fasahar man fetur ya ɗauki nauyi, an shafe shekaru ana aikin mai da farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina ta zama ziyolait, wani gari da matatun mai suke amfani da shi wajen farfasa mai mai nauyi ya koma fetur, wanda daga waje ake sayo shi da dala. Tunani ne mai kyau matuƙa: ga ƙasa a Katsina, ga matata a Kaduna, ga jami'a a tsakani. An wallafa sakamako da dama da ke nuna abin yana yiwuwa. Sai dai wanda ya haɗa giram ɗari a ɗakin gwaji bai riga ya iya haɗa tan-tan mai inganci iri ɗaya kullum ba, kuma babu matatar da za ta zuba garin da ba a gwada a ƙaramar masana'antar gwaji ba cikin injin da tsayawarsa ta yini guda babbar asara ce. Ga shi kuma matatar Kadunan da ake sa ran ta zama mai saye ta shafe shekaru ba ta tace mai. Wannan ba gazawar masu binciken ba ce. Hawa na gaba ne babu wanda ya gina shi.

Amurkawa ma sun yi fama da wannan giɓi. A 1985, lokacin da suke ganin Japan tana neman shan gabansu a masana'antu, hukumar kimiyya ta ƙasarsu, NSF, ta fara shirin cibiyoyin binciken injiniya a jami'o'i. Tana ba cibiya kuɗi har na shekara 10, amma da sharuɗɗa. Kamfanoni su shigo a matsayin mambobi masu biyan kuɗi, su zauna a kwamitin da ke ba da shawara kan abin da za a bincika. A gina filin gwaji inda za a haɗa sassan fasahar a ga tana aiki a dunƙule. Masu duba su riƙa zuwa, in ba su gamsu ba a yanke kuɗin kafin wa'adi. Bayan shekara goman kuma cibiya ta nemi abin riƙe kanta. Fannin kowace a tsuke yake: ta Jami'ar Jihar Arizona da aka fara a 2011 ta tsaya kan ƙara ƙarfin farantin sola da rage tsadarsa, ta Jami'ar Jihar North Carolina ta 2008 kan layin wutar da zai iya karɓar wuta daga gidaje masu sola, ta Jami'ar Rice a Texas ta 2015 kan ƙananan na'urorin tace ruwa da za a iya kai wa inda babu famfo. A Jamus kuma cibiyoyin Fraunhofer, waɗanda aka fara a 1949, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu ne gwamnati take ba su kai tsaye, sauran sai sun yi kwangilar bincike sun samo, kuma yawanci shugaban cibiya farfesa ne a jami'ar da ke maƙwabtaka. Daga ɗaya daga cikinsu, a garin Erlangen, fasahar MP3 ta fito.

Ba na cikin masu cewa a kwafo wannan a liƙa. Tsarin nasu ya dogara ne da kamfanonin da suke da kuɗin biya da injiniyoyin karɓar sakamako. Mu kuwa masaƙun Kakuri a Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, masana'antun Bompai da Sharaɗa da yawa sun koma ɗakunan ajiya. Amma cewa ba mu da masana'anta kwata-kwata kuskure ne. Muna da Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Muna da injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi da Jigawa, da majemun Chalawa, da dubban matasa masu haɗa sola, da hukumomin ruwa na jihohi. Injinan sussukar masara da na markaɗe da ake gani a ƙauyuka, masu walda ne suke haɗa yawancinsu, da ido da ƙwarewar hannu. Abin da mai waldar nan ya rasa shi ne zanen da zai bi ya fitar da injin goma iri ɗaya, da sanin ƙarfen da ya dace da haƙoran injin da yadda ake ƙona shi ya yi tauri, da daidaita nauyin gangar da ke juyawa don kada ta cinye boris cikin wata biyu, da murfin da zai kare hannun yaron da ke zuba zangarniya. Duk waɗannan suna cikin littattafan ajin digirin farko. Dubi cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda take tun 1922: irinta na masara da wake da gyaɗa da dawa, masu suna SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT da SAMSORG, sun isa gonaki saboda akwai kamfanonin iri da malaman gona da shirye-shiryen rediyo da suke ɗauka su kai. Ƙarfe bai sami irin wannan hanya ba, kuma mai walda ne kaɗai zai iya zama ita.

Sai maganar kuɗi, wadda ake yawan yi a dunƙule a ce “babu kuɗi”, alhali irin kuɗin ne matsalar. Asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu, wanda dokarsa ta 2011 ce, ya riƙa samun kuɗi daga harajin ilimi da ake cira a ribar kamfanoni, wanda ya fara da kashi 2 ya kai kashi 3 a 2023. Ya yi gine-gine, ya sayi na'urori, ya tura malamai karatu, yana kuma ba da tallafin bincike. Ba a musun wannan. Amma na'ura ci take yi kullum. Tana son wuta mai tsayawa, da iskar argon ko hiliyom, da ruwan naitirojin, da sinadarai, da injiniyan kamfanin da zai zo ya daidaita ta duk shekara. Na taɓa shiga wani ɗakin gwaji na tarar da babbar na'urar awo a lulluɓe da leda, sabuwa fil. Wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona mata wani ɗan allo, kamfanin yana son a biya da kuɗin Turai, kasafin sashen kuwa ba shi da layin da za a cire irin wannan kuɗi. Ɗaliban digiri na uku suna tura samfurinsu wata ƙasa a auna musu, na'urar tana ɗaki ɗaya da su. A watan Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda ake ba wuta mafi yawan awoyi a rana, ya tashi zuwa naira 225 a kowane yunit, abin da ya ƙara jefa jami'o'i cikin matsi. Tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019 ta nuna akwai mafita idan an so. Yajin aikin malaman jami'a na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 kuma, ga gwajin da ake auna shi kullum, ba jinkiri kawai ba ne, sai an faro daga tushe.

Mutumin da aka fi mantawa da shi a duk wannan shi ne ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji. Shi ya san ƙarar da na'ura take yi kafin ta lalace. Farfesa yana iya tafiya hutun bincike ko a ba shi muƙami, cibiya ta ci gaba. In wannan ma'aikaci ya yi ritaya bai koya wa kowa ba, na'urar ta tafi tare da shi. Idan an sami gurbin horo a ƙasar da aka ƙera na'urar, shi ya kamata a fara turawa.

Tun 2014 Bankin Duniya ya shigo da wani salo, na cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. Najeriya ta sami 10 a zagayen farko, suka kai 17 a na biyu. Akwai ta noman yankuna masu ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero, da ta sababbin dabarun koyar da injiniya a Zariya, da ta batir da makamashin gobe a Owerri, da ta sinadaran rijiyoyin mai a Fatakwal. Makarantar ma'adinai ta Yamai, EMIG, ta shiga, haka ma cibiyar binciken sufuri ta Kumasi. Sabon abin da ke ciki shi ne kuɗi bayan aiki yake zuwa: ka nuna ɗaliban da ka ɗauka, har da mata da 'yan wasu ƙasashe, da takardun da ka wallafa, da shaidar inganci da ka samu daga waje, da kuɗin da ka samo da kanka, sannan a sakar maka kaso na gaba. Wannan ya gyara lissafi da riƙon amana a wurare da dama. Rauninsa biyu ne. Ɗalibi da takarda suna ƙirguwa da sauƙi, injin da ya shiga hannun manomi bai cika shiga lissafin ba. Sannan kuɗin rance ne mai wa'adi, ranar da ya ƙare tambayar dizal da sinadarai tana nan tana jira.

Da za a tambaye ni aiki ɗaya da cibiya irin ta Sakkwato za ta kama gobe, wanda ba ya buƙatar masana'anta, sai in ce gwajin kayan solar da ke shigowa. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, farantin silikon yana rasa wajen kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa. A watan Afrilu iskar Sakkwato tana haura digiri 40, jikin farantin da ke kan kwano kan kai 65. Asarar wajen kashi 16 ke nan, wato faranti mai wat 300 ya koma kusan 250, tun kafin hazo ya lulluɓe shi, kuma tun kafin a zo ga wanda aka liƙa wa lambar ƙarya. Batir mai ruwa kuwa, duk ƙarin zafi na wajen digiri 10 yana rage kwanansa da rabi, shi ya sa wanda aka ce zai shekara biyar yake mutuwa a biyu idan an ajiye shi a ɗakin da ba iska. Wace irin faranti ce ta fi jure zafinmu? Kwana nawa ya kamata a yi ana goge shi lokacin hunturu, kuma da me, a garin da ruwa yake tsada? Wane tazara za a bari tsakaninsa da kwano? Kamfanin da ya ƙera shi ba zai zo Sakkwato ya amsa mana ba.

Abin da aikin yake buƙata fili ne da za a jera kayan a rana, da na'urar auna ƙarfin faranti, da ɗakin caji da sauke batir, da ma'aikata 'yan kaɗan da za su riƙa ɗaukar awo kullum. Masu shigo da kaya su biya kuɗin gwaji, gwamnatocin jihohi masu sayen fitilun titi da famfunan sola su sa takardar gwajin cikin sharaɗin kwangila, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta amince da hatimin, a riƙa karanta sakamakon da Hausa a rediyo. Kuɗin gwajin zai sayi kayan aikin cibiyar, ɗaliban digiri na biyu su sami awon shekaru da za su yi nazari a kai, mai sayen faranti a Sabon Gari ko a kasuwar Maraɗi kuma ya nemi a nuna masa takardar kafin ya ƙirga kuɗinsa.